Mita 400 tsakanin gini da gini: Darasin da na koya a Batagarawa

Shekaru kaɗan da suka wuce na kasance cikin kwamitin gudanarwa na wata makarantar al'umma a garin Batagarawa. Makarantar tana da mazauni biyu. A tsohon mazauni ofishin shugaba da na jarrabawa suke, kuma can aka saka intanet. A sabon mazauni, wanda wani bawan Allah ya ba da filinsa sadaka, aka gina ɗakin kwamfuta. Tsakanin gine-ginen biyu akwai kimanin mita 400, da hanyar mota, da gidaje, da wata gona. Wanda ya hau rufin ɗaya yana hango ɗayan sarai, amma duk takardar da za ta tashi daga nan zuwa can sai an zuba ta a filash, an ba wani ya hau babur ya kai.

Haka muka yi ta lallaɓawa har lokacin rajistar jarrabawa ya zo. An ɗauki hotunan ɗalibai da bayanansu a ɗakin kwamfuta, aka kawo filash ɗin ofis, aka soka shi, sai ya ƙi buɗewa. Cutar kwamfuta ta cinye komai, ga shi saura kwana biyu a rufe rajista. Muka bi ɗalibai gida-gida, wasu har ƙauyukansu, aka sake aikin daga farko. Allah Ya rufa asiri aka gama, amma tun daga ranar wata tambaya ta tsaya mini a rai: yaya aka yi saƙo yake tashi daga Landan ya iso ofishinmu cikin ƙiftawar ido, amma ya kasa ƙarasa mita 400 zuwa ɗakin da yaranmu ke zaune?

Na kawo wannan labari ne domin matsalar ba ta makarantarmu kaɗai ba ce. Idan ana maganar intanet a ƙasar nan, hankali yakan tafi ga manyan abubuwa, wato wayoyin ƙarƙashin teku, da tauraron ɗan'adam, da shirin Gwamnatin Tarayya na shimfiɗa wayar faiba mai tsawon kilomita 90,000. Duk waɗannan suna da muhimmanci. Sai dai ɗalibi da ma'aikacin asibiti da akawun ƙaramar hukuma ba a bakin teku suke aiki ba. Abin da ya dame su shi ne 'yar tazarar ƙarshe, daga ginin da intanet ya sauka zuwa ginin da ake bukatarsa.

Hanyoyi huɗu da ke gabanmu

Da kwamiti ya zauna, hanyoyi huɗu muka duba. Ta farko ita ce a sayi wani layin intanet dabam domin sabon mazauni. Wannan kuɗi ne da za a riƙa biya duk wata har illa masha Allahu, kuma ko an yi hakan, kwamfutocin gine-ginen biyu ba za su zama tsintsiya ɗaya ba. Kowace takarda sai ta fita duniya ta dawo, ana cin data a fita, ana ci a dawowa. Tun bayan da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025, wannan lissafi ya ƙara nauyi.

Ta biyu ita ce a ja kebul na tagulla, irin wanda ake haɗa kwamfutoci da shi a cikin ofis. Ƙa'idar wannan kebul ita ce kada ya wuce mita 100. Bayan haka, tagullar da aka ja a sarari tsakanin gini da gini hanya ce da aka buɗe wa aradu, ta bi ta ƙone na'urorin ɓangarorin biyu a dare ɗaya. Ga kuma masu yanke waya su kai wa 'yan gwangwan.

Ta uku ita ce wayar faiba, wadda zaren gilashi ne a cikinta, haske ke bi ta ciki maimakon wutar lantarki. Ita ce sarauniya, ba ta da na biyu wajen sauri da ƙarko, kuma aradu ba ta bin ta. Matsalarta haƙa. Sai an tsaga hanyar mota, an ratsa gonar wani da ƙofar gidan wani, an nemi izinin hukuma. Ko a farashin Naira 145 kan kowace mita da gwamnonin jihohi suka amince da shi a matsayin kuɗin izinin ratsa ƙasa, kilomita ɗaya ya kama Naira 145,000, kafin a zo maganar leburori da bututu da ita kanta wayar. In kuma aka zo faɗaɗa hanya ko gina magudanar ruwa, katafila ba ta tambayar abin da ke binne.

Hanya ta huɗu wani tsohon ɗalibina ne ya kawo ta, wanda ya karanta injiniyan lantarki. Ya hau rufin ofis ya duba, ya sauko yana kakkaɓe wando, ya ce, "Malam, tunda ana hango can daga nan, ba sai an haƙa ko taku ɗaya ba. Faranti biyu za a kafa su kalli juna."

Yadda abin yake aiki

Farantin da yake nufi na'ura ce da ba ta wuce girman faifai ba, ana ɗaure ta a jikin ƙarfe a saman rufi. Dangin Wi-Fi ɗin da muka sani ce, bambancin kawai shi ne, na cikin ɗaki yana watsa saƙonsa ko'ina kamar fitilar ƙwai, wannan kuwa yana tattara shi ya harba wuri guda kamar tocila. Idan aka kafa ɗaya a nan, ɗaya a can, aka saita su suna kallon juna, sai su zama tamkar kebul da ba a gani. Kwamfutar da ke sabon gini ba za ta ma san cewa iska ta ratso ba.

Zango biyu aka fi amfani da su a irin wannan aiki. Akwai na gigahaz 5, wanda yake cin dogon zango, kilomita da dama, yana ɗaukar ɗaruruwan megabit a daƙiƙa, kuma ruwan sama bai cika damun sa ba. Aibinsa cunkoso, domin zango ne na kowa da kowa, in na'urori suka yi yawa a unguwa sai su riƙa shiga maganar juna. Akwai kuma na gigahaz 60, wanda yake kai wa gigabit guda a daƙiƙa, wato megabit 1,000. Shi wannan ba ya nisa, saboda iskar oksijin da muke shaƙa tana shanye ƙarfinsa, ruwan sama mai ƙarfi kuma yana iya datse shi. Amma wannan rauni nasa ya zama alheri ga gine-ginen da ke kusa da juna, tunda saƙonsa ba ya yin nisan da zai dami maƙwabta. Shi ya sa wasu na'urorin suke zuwa da zangunan biyu a haɗe, in ruwa ya rufe na 60 sai na 5 ya karɓa har a ɗauke.

Mutane sukan tambaya ko ƙurar hunturu ba za ta hana shi aiki ba. Hazo ya fi cutar da na'urorin da ke aika saƙo da hasken leza, domin su sai sarari ya yi garau. Ga na rediyo irin waɗannan, a gajeren zango, ƙura ba ita ce babbar abokiyar gaba ba. Wutar da suke ci ma kaɗan ce, galibi ba ta wuce wat 10 zuwa 15 ba, kuma ta cikin kebul ɗin da ke ɗauko saƙo take hawa rufi. Ƙaramin faifan sola da batir ɗaya sun isa su riƙe su dare da rana.

Sharaɗi ɗaya ne ba ya da makawa, shi ne farantan su ga juna. Magabatanmu sun san darajar wannan. Hasumiyar Gobarau da ke tsakiyar birnin Katsina, ban da kiran salla, ta yi aikin wurin tsinkayo abin da ke tafe daga nesa, domin wanda ya fi tsawo shi ya fi gani. Sai dai a nan gani kaɗai bai wadatar ba. Saƙon rediyo ba ya tafiya a miƙe kamar zare, yana kumbura a tsakiya kamar gwanda, kuma ana so aƙalla kashi 60 cikin 100 na wannan kumburi ya zama babu abin da ya tare shi. A zangon gigahaz 5, idan tazarar kilomita ɗaya ce, kumburin a tsakiyar hanya yana kusan mita 4 ta kowane ɓangare na layin. Ke nan reshen da bai rufe maka gani ba yana iya rufe wa na'ura hanya. Wannan darasi da tsada muka saye shi.

Bishiyar Baba

An kafa farantanmu da rani, aiki ya yi kyau, har muna cewa abin nema ya samu. Malamin kwamfuta ya daina hawa babur. Da damina ta kankama, sai saurin ya fara ja da baya, musamman bayan an ɗauke ruwa. Muka zargi kamfanin intanet, muka zargi na'ura, har wasu suka fara cewa dama araha ba ta ado. Tsohon ɗalibin nawa ya dawo ya hau rufi, bai yi minti biyar ba ya nuna mini wata darbejiya, wadda mu a nan muke kira bedi, a ƙofar gidan wani dattijo da ke tsakanin gine-ginen biyu. Ta yi sabon toho, ta ƙara tsawo, ganyenta kuma in ya jiƙe yana shanye saƙon kamar soso.

Wani daga cikinmu ya ce a tura yara su sassabe ta. Na ce a'a, bishiyar mutum ce, kuma a ƙarƙashinta yake shimfiɗa buzunsa. Muka je da kanmu bayan la'asar, muka durƙusa muka gaishe shi. Na ce, "Baba, alfarma muka zo nema. Akwai reshe biyu na saman bedin nan da suka tare wa yara hanyar karatu."

Ya ɗaga kai ya dubi bishiyar, ya dube mu, ya ce, "Malam, wace irin hanya ce ke bi ta saman bishiya?"

Muka yi masa bayani iyakar iyawarmu. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Jikokina uku suna makarantar nan. Ku rage na saman, amma kada ku taɓa mini inuwa. Kuma duk shekara ku riƙa zuwa kuna faɗa mini, kada in wayi gari in ga yaro a kan bishiyata da adda."

Aka rage reshe biyu, aka ƙara wa ƙarfen tsawon mita ɗaya da rabi, sauri ya dawo. A hanyar komawa na fahimci cewa rabin aikin nan ba na injiniya ba ne, na zaman maƙwabtaka ne.

Sauran rabin kuwa na riƙon amana ne. Bayan shekara guda batirin ya mutu, aka rasa wanda zai ce ga aljihun da za a sayi sabo, domin ba mu taɓa sa shi a kasafi ba. Aka yi makonni biyar farantan suna kallon juna ba su cewa komai. Da aka sayo batir aka zo sake saiti, sai aka tarar kalmar sirrin na'urorin tana kan mutum ɗaya, shi kuma aiki ya kai shi Abuja. Ba don mutumin kirki ba ne mai ɗaga waya, da sai an goge komai an fara daga tushe. Laifin namu ne, mu 'yan kwamiti, da muka ɗauka ranar da aka ɗaure faranti aiki ya ƙare, alhali ranar ya fara.

Abin da Batagarawa take da shi

Duk wanda ya bi hanyar Katsina zuwa Dutsinma ya san irin baiwar da Allah Ya yi wa wannan yanki. A tsakanin 'yan kilomitoci akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya, da Jami'ar Al-Qalam da ta fara a 2005, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da aka kafa a 2006. A kewayensu ga ɗakunan kwanan ɗalibai, da makarantun sakandare da na Islamiyya, da ɗakunan shan magani, da shagunan buga takardu, da sakatariyar ƙaramar hukuma. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, babu duwatsun da za su tare gani, kuma akwai benaye da tankunan ruwa masu tsawo da za a iya ɗaura faranti a kansu. Da wuya a samu wurin da ya dace da wannan fasaha kamar nan.

Abin da nake hange shi ne, maimakon kowace ƙaramar makaranta da kowane ɗakin shan magani su riƙa fama su kaɗai da ɗan layinsu mai rauni, a haɗa kai a sayi babban layi ɗaya, a sauke shi a gini mai tsawo, a rarraba ta faranti. Kowane ɗan kasuwa ya san sari ya fi sayen ɗai-ɗai sauƙi. Sannan akwai wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba. Gine-ginen da aka haɗa suna iya magana da juna ko da intanet na waje ya yanke. Idan aka ajiye kwamfuta ɗaya mai ɗauke da littattafai, da tsofaffin tambayoyin jarrabawa, da darussan bidiyo, duk ɗalibin da ke cikin haɗin zai buɗe su ba tare da an ci masa ko sisin data ba. Tun 2015 JAMB ta koma yin jarrabawarta gaba ɗaya a kwamfuta, kuma yaron da bai taɓa zama gaban allon ba sai ranar jarrabawa an riga an cuce shi.

Mun kuma ga ranakun da na wajen ya yanke. A watan Satumbar 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda matsalar tsaro, har da maƙwabtanmu irin su Kurfi da Dutsinma da Batsari da Jibiya, kuma sai a watan Disamba aka fara buɗe su. A ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi suka shiga wani hali. A irin waɗannan ranaku, asibitin da ɗakin gwajinsa yake haɗe da ɗakin likita ta faranti zai ci gaba da tura sakamako, makaranta kuma za ta ci gaba da darasi.

Wannan ba mafarki ba ne, an yi a wasu wurare. A Kafanchan ta Jihar Kaduna, Gidauniyar Fantsuam ta kafa irin wannan haɗi mai suna Zittnet, wanda ya kai intanet ga cibiyoyin yankin tun lokacin da wayar hannu mai intanet ba ta yaɗu ba. A ƙauyen Mankosi na Afirka ta Kudu, al'umma ce da kanta take tafiyar da haɗin Zenzeleni ta hanyar ƙungiyar gama-kai. A yankin Kataloniya na ƙasar Sifaniya, guifi.net da aka fara a 2004 ya kai dubun-dubatar mahaɗai. A nan kusa, cibiyar CITAD ta Kano ta daɗe tana horar da matasa kan yadda al'umma za ta kafa nata haɗin. Game da nisa kuwa, a 2007 wani masani mai suna Ermanno Pietrosemoli ya haɗa tsaunuka biyu a ƙasar Benezuwela da Wi-Fi a tazarar kilomita 382. Mu mita 400 muke magana.

Ga masu ja

Na san akwai masu cewa wannan tsohon yayi ne, tunda Starlink ya shigo Nijeriya a watan Janairun 2023, kowa ya kafa nasa ya huta. Amsata ita ce, kuɗin na'urarsa da na wata-wata ba kowace makarantar al'umma ce za ta iya ɗauka ba, balle a ce kowane gini da nasa. Kuma ko ta sama intanet ya sauko, a rufi ɗaya zai sauka, tambayar yadda zai kai sauran gine-gine tana nan daram. Wasu kuma za su ce a jira faiba. Na yarda da su cewa duk inda za a iya binne faiba cikin harabar da babu mai tsaga ta, ita ta fi. Faranti na wurin da hanya ko gonar wani ko rashin kuɗi suka gitta ne, kuma ko bayan faiba ta zo, yana nan a matsayin madadin ranar da katafila ta yi ɓarna.

Akwai kuma gaskiyar da bai kamata a ɓoye ba. Saƙon da ke bi ta iska sai an kulle shi da kalmar sirri mai ƙarfi, musamman in bayanan marasa lafiya ne ko sakamakon jarrabawa. Ƙarfen da aka kafa a rufi sai an yi masa hanyar da za ta kai aradu ƙasa, kuma a ɗaure shi yadda iskar farkon damina ba za ta karkatar da shi ba, domin a zangon gigahaz 60 'yar karkata kaɗan ta isa ta raba farantan. Sannan haɗa gine-ginenka dabam, sayar wa jama'a intanet dabam. Na biyun yana bukatar lasisin NCC, saboda haka duk ƙungiyar da za ta rarraba wa wasu sai ta bi ta hannun mai lasisi ko ta nemi nata.

Shawarata

Ga shugabannin manyan makarantun da ke kan wannan hanya, ina roƙon su dubi maƙwabtansu. Ɗaliban injiniya da na kimiyyar kwamfuta suna neman aikin kammala karatu da wurin koyon sana'a. Auna tazara, da kafa faranti, da kula da shi shekara guda a wata makarantar firamare ko ɗakin shan magani na Dandagoro ko Ajiwa aiki ne da ya fi rubutun da za a ajiye a kanta ƙura ta rufe. Ga ƙaramar hukuma, ta ba da izinin amfani da tankunan ruwa da dogayen gine-ginenta, wannan ba ya cin ko kwabo.

Ga duk kwamitin da zai bi sawunmu kuwa, kafin a sayi na'ura a amsa tambayoyi huɗu a rubuce. Wa zai riƙa hawa rufi yana dubawa, kuma nawa ne ladansa? Daga wane aljihu kuɗin batir zai fito in ya mutu? A ina aka ajiye kalmar sirri, kuma mutum nawa suka san wurin? Bishiyar wa da rufin wa hanyar ta ratsa, kuma an je an gaishe su? Wanda ya amsa waɗannan ya gama mafi wuyar aikin, domin ɗaura faranti yini ɗaya ne.

Farantanmu suna nan suna aiki. Mun sa kuɗin batir a kasafi, kalmar sirri tana cikin ambulan a akwatin shugaba, kuma duk shekara kafin ruwa ya sauka mukan sayi goro mu je gaida Baba, mu nemi izinin reshe biyu. Bara da muka je, kafin mu buɗe baki ya riga mu, ya ce, "Malam, hanyar taku ta sama ce ta kawo ku ko? Ku hau, amma ku bar mini inuwata."

Allah Ya ba mu ikon riƙe abin da muka kafa.